Mai Ciwo a Ciki, Magani a Waje: Tarihin Yaƙi da Asibiti a Ƙasar Tsibiri

A bakin Bahaushe, tsibiri ƙasa ce da ruwa ya yi wa ƙawanya, ba a shigarta sai da jirgi ko da iyo. Tsibirin da nake nufi gari ne, kuma ɗaya daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Maradun, a yankin da Maradun da Bakura da Talata Mafara suka haɗa kafaɗa a kwarin gulbin Sakkwato. Yau shekara goma sha wani abu ke nan sunan ya dace da kusan kowane ƙauye na wannan yanki, domin tsoro ya kewaye su yadda ruwa yake kewaye tudu. Mai ciwo yana ciki, magani yana waje. Ba yau ƙasar nan ta fara ganin yaƙi ya raba mutum da gidansa ba, don haka labarin sai an ɗauko shi daga tushe.

Abin da masu tarihin baka suke faɗa shi ne Zamfarawa sun fara kafa mulki a Dutsi, cikin ƙasar Zurmi ta yanzu, kuma sunan sarkinsu na farko Dakka. Ana cewa mutanen farko ƙatta ne, har ana nuna wasu dogayen kaburbura a matsayin shaida. Ana kuma ba da labarin sarauniya 'Yargoje wadda aka ce ta zauna a Kuyambana. Duk wannan zancen kaka da kakanni ne, babu rubutun zamaninsu da ya tsayar da shekarunsu. A ƙarni na 18 ne labari ya fara kama ƙasa. Tsakanin 1762 da 1764 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi, Gobirawa suka kafa Alƙalawa, gidan sarautar Zamfara kuma ya yi ta ƙaura daga gari zuwa gari har ya tabbata a Anka.

A wancan zamani magani yana cikin kan mutane da zabirarsu. Wanzami yana da askarsa da ƙahonsa, unguwarzoma tana da hannunta, maɗori yana da karansa, malami yana da allonsa, mai saiwa da sassaƙe kuma ya san daji. In gari ya tashi, dukkansu suna cikin ayari. Maganin nan bai iya tare agana ko sanƙarau ba, kuma yara da masu naƙuda sun yi ta mutuwa a ƙarƙashinsa, amma yana da wata siffa guda da ya kamata mai karatu ya riƙe: yana gudu tare da masu gudu.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a Zamfara kafin jihadi, kuma ana ambaton Faru, wadda yau take cikin ƙaramar hukumar Maradun, a garuruwan da ya zauna. A 1804 aka yi hijira zuwa Gudu, aka yi Tabkin Kwatto, sannan a ƙarshen shekarar jama'ar Shehu ta yi babban rashi a Tsuntsuwa. A 1805 ta sauko Sabon Gari, kusa da Bakura, tana neman abinci. Dubban baƙi suka sauka a kan rumbunan da ba a cika su don su ba. Yunwa ta shigo, cuta ta biyo ta, zumuncin da ke tsakanin jama'ar da Zamfarawa ya yi tsami. Alƙalawa ba ta faɗi ba sai 1808.

Muhammadu Bello, wanda ya zama Sarkin Musulmi daga 1817 zuwa 1837, ya ga wannan duka da idonsa, kuma ina ganin alamarsa a abubuwan da ya sa a gaba. Ya kafa ribaɗoɗi don mutane su zauna wuri ɗaya su yi noma cikin tsaro, Bakura tana cikinsu, a hannun ɗan'uwansa Atiku. Ya rubuta littattafai kan magani, har da na basur da na ciwon ido. Wani malamin zamanin, Muhammadu Tukur, wanda ya zauna a Matuzgi ta ƙasar Mafara, shi ma ya yi rubutu kan magunguna. Da Bature Kilafaton ya iso Sakkwato a 1824, cikin abin da Bello ya nema daga Ingila har da likita. Sarkin da ya fito daga yaƙi ya fahimci cewa sai mutane sun zauna ake iya yi musu magani. Zaman bai ɗore ba ko'ina. Hare-haren Gobirawa sun ci gaba, kuma a 1891 Sarkin Musulmi Abdurrahman ya yaƙi Mafara bayan ta yi masa tawaye.

Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Asibitocinsu na farko na jami'ansu ne da sojoji da ma'aikata. Talakan ƙauye ya sha yunwar 1913 zuwa 1914, ya sha murar 1918, ya sha sanƙarau da ta ratsa Lardin Sakkwato a farkon shekarun 1920, duk da maganin kakanninsa. Jirgin ƙasa ya isa Ƙaura Namoda a 1929 don auduga da gyaɗa. Daga baya ne En'e ta fara gina asibitocin sha-ka-tafi a manyan garuruwan gundumomi, 'yan mishan suka buɗe wurin jinyar kutare a Amanawa, aka ga duba-gari da masu lamba. Daga nan magani ya samu sabuwar siffa. Ya zama gini, da hanya, da ma'aikaci mai albashi, da kaya da ake aikowa daga birni. Ya fi na dā ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma agana shaida ce: masu lamba sun bi ƙauye-ƙauye daga 1967, zuwa 1970 babu ita a Nijeriya. Sai dai wannan sabon magani ba ya gudu da kowa. In gari ya tashi, gini yana nan inda aka bar shi.

A waɗannan shekarun ne kuma aka yi yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970. Bai taɓa kwarin Sakkwato da harsashi ba, amma ya haifar da abin da zai iso nan bayan shekara arba'in. Wasu likitocin Faransa da suka ga yadda yunwa ta kashe yara a Biyafara suna cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar likitocin agaji ta MSF a 1971.

Tashi na farko da mutanen wannan yanki suka yi a zamanin Nijeriya mai 'yanci, gwamnati ce ta tayar da su. A 1974 aka fara gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato kusa da Talata Mafara, kamfanin Impresit na Italiya ya yi aikin, aka gama a 1978. Tafkin ya haɗiye gonaki da gidaje, aka kwashe fiye da mutum 12,000 zuwa sababbin matsugunai irin su Sabuwar Maradun, inda ƙasa ba ta kai ta bakin gulbi albarka ba. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin noman rani suka yi shekaru ba su noma ba ana baje ƙasa. Diyya ta yi ta jan ƙafa. Manoma suka tare hanyoyin aikin, sai a ƙarshen Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu. Waɗanda suka bi diddigi daga waje sun ambaci 386.

Madatsar ta canza lafiyar yankin ta hanyoyin da ba a sa a lissafi ba. Ruwan da ke kwance a magudanai ya ba sauro gida rani da damina. Ya ba katantanwar da ke ɗauke da tsargiya wurin hayayyafa, yaro ya yi wanka a kwata ya koma gida yana fitsarin jini. A ƙasan madatsar kuma ambaliyar da take ciyar da fadama ta ragu, kifi ya ragu, abinci ya ragu. Akwai kuma ciwon da ba a gani, wato yarda. Mutumin da ya ga motar gwamnati ta zo da bindiga zai daɗe yana kallon motar gwamnati da ta zo da allura.

Shekarun 1980 sun zo da abu biyu masu karo da juna. Ministan lafiya Olikoye Ransome-Kuti, daga 1985 zuwa 1992, ya ɗauki aƙidar taron Alma-Ata na 1978, wato a kai kiwon lafiya matakin farko kusa da talaka, aka ɗora nauyinsa a kan ƙananan hukumomi. Amma daga 1986 tsarin tsuke bakin aljihu ya karya naira, magani ya ɓace daga kantocin asibiti, aka koma rubuta wa mutum takarda ya tafi kemis. A 1996 sanƙarau ta kama fiye da mutum 100,000 a Arewa, ta kashe fiye da 11,000. Ranar 1 ga Oktoba na wannan shekara aka ƙirƙiri jihar Zamfara, da ƙananan hukumomi 14, ta fara rayuwa da likitoci 'yan ƙalilan, yawancinsu a Gusau.

A nan akwai abin da yake ci mini rai. Cikin gwamnonin farar hula huɗu na farko na jihar, uku 'yan wannan yanki ne: Ahmad Sani Yariman Bakura daga 1999 zuwa 2007, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara daga 2011 zuwa 2019, Bello Matawalle na Maradun daga 2019 zuwa 2023. Shekara ashirin ke nan cikin ashirin da huɗu mulki yana hannun 'ya'yan waɗannan garuruwa uku. An yi gine-gine, babu musu. Duk da haka binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa yaran Zamfara da suka samu cikakken rigakafin farko ba su kai ɗaya cikin goma ba. Yaƙi ya tarar da rumbun da dama bai cika ba.

Gargaɗi ya zo a 2010. A watan Maris ma'aikatan MSF, waɗanda suka fito sa ido kan sanƙarau, suka tarar da yara suna mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Gubar dalma ce daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, a Dareta da 'Yargalma da Abare da Bagega da sauransu. Aƙalla yara 400 suka mutu. An daɗe ana binne su kafin labari ya kai inda ya kamata, alhali a lokacin hanya a buɗe take.

Daga wajen 2011 hanyar ta fara rufewa. Rikicin ya taso daga satar shanu, da cinye burtali da makiyaya, da zaluncin alƙalai da 'yan sanda da masu sarauta da kowane ɓangare yake kuka da shi. 'Yan sa-kai suka fara kisa a kasuwanni ba shari'a, ɓarayin daji suka fara rama wa a kan gari gaba ɗaya, bindigogi suka kwararo ta iyaka, zinariya ta ƙara wa wutar mai. A Afrilun 2014 aka kashe fiye da mutum ɗari a 'Yar Galadima ta ƙasar Maru a rana ɗaya. Kwamitin da tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda Muhammad Abubakar ya jagoranta ya lissafa cewa daga Yunin 2011 zuwa Mayun 2019 an kashe mutum 6,319, mata 4,983 sun rasa mazajensu, yara 25,050 sun zama marayu, mutum 190,340 sun bar gidajensu. Wannan lissafin harsashi ne da adda. Babu layi a cikinsa na matar da jini ya ɓalle mata da tsakar dare ko na yaron da ƙyanda ta shige wa ciki.

Ga yadda abin yake faruwa a ƙasa. Asibitin mazaɓa ɗaki uku ne ko huɗu, da malamin asibiti ɗaya ko biyu, wataƙila da malama mai karɓar haihuwa, da firjin rigakafi mai aiki da hasken rana. Malamin sau da yawa baƙo ne a garin, kuma kowa ya san yana da albashi, don haka shi ne kan gaba a idon masu neman kuɗin fansa. Wani lokaci ma ana ɗaukarsa ne don ya yi wa masu rauni jinya a daji. Da farko zai daina kwana a garin. Sannan ya koma zuwa ranar kasuwa kawai, ya biyo ayarin 'yan kasuwa. Ran da aka tare ayarin, zai nemi canjin wurin aiki zuwa hedikwatar ƙaramar hukuma, kuma babu mai adalcin da zai zarge shi. Ginin yana nan da allonsa da fentinsa, a takarda ana ƙirga shi cikin asibitoci, amma ƙofarsa da kwaɗo.

Rigakafi kuwa zama yake so. Ana yi wa jariri ranar haihuwa, a dawo da shi a sati shida, da sati goma, da sati goma sha huɗu, sannan a wata tara a yi masa na ƙyanda. Uwar da ta kwana uku a gona tana ɓuya, ta tashi ta koma gidan dangi a Talata Mafara, bayan wata biyu ta koma ƙauye don damina ta faɗi, sannan aka sake koro ta, ina za ta haɗa waɗannan ranakun? Katin yaron ma yana cikin ɗakin da aka ƙona. Haka mai tarin fuka da yake buƙatar wata shida yana shan magani ba fashi, haka mai hawan jini, haka mai ciki da ya kamata ta je awo. Naƙuda ba ta san dokar hana fita ba. In ta zo da gardama bayan isha'i, mai babur ba zai fito ba ko nawa za a ba shi, sai a jira gari ya waye, wani lokaci kuma a wayi gari da gawa biyu.

Sanƙarau ta gwada tsarin a ƙarshen 2016. Ta ɓulla a ƙasar Zurmi, wani nau'i ne da rigakafin da aka yi wa jama'a a baya bai rufe shi ba, kuma sai da aka yi watanni kafin a tashi tsaye. Zuwa tsakiyar 2017 an lissafa fiye da mutum 14,000 da suka kamu a ƙasar, fiye da 1,100 suka mutu, Zamfara ce ta fi kowace jiha asara.

Shekarar 2021 ta faɗo a kan garuruwan nan uku ɗaya bayan ɗaya. Ranar 26 ga Fabrairu aka kwashe 'yan mata daga makarantar Jangebe ta ƙasar Talata Mafara, aka sako 279 ranar 2 ga Maris. A tsakiyar Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba aka ɗauke ɗalibai 73 a Kaya ta ƙasar Maradun. Bayan kwana biyu aka katse layukan waya a jihar, dama an riga an rufe kasuwannin mako, an hana sayar da fetur a jarka. An yi haka don a shaƙe 'yan bindiga, amma igiyar ta kama wuyan marasa lafiya ma. Babu wayar da za a kira mota, babu wayar da malamin asibiti zai sanar da ɓullar cuta, babu kasuwar da za a sayar da akuya a biya kuɗin ƙarin jini. A wasu yankuna an kusa wata uku a haka. Kuma shekarar ce kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,500, Zamfara tana cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna.

Waɗanda suka gudu ba su tarar da sansani irin na Maiduguri ba. Yawancinsu sun raɓe a gidajen dangi, da kangwaye, da azuzuwan makarantun firamare, da tashoshin mota. Wasu dubbai daga Zamfara da Sakkwato da Katsina sun tsallaka jihar Maraɗi tun daga 2019, suka sauka a ƙasar Gidan Runji. Garin da ya karɓi baƙi rijiyarsa ba ta ƙaru ba, masansa bai ƙaru ba, gadajen asibitinsa ba su ƙaru ba. Babban asibitin Talata Mafara, da yake kan titin Gusau zuwa Sakkwato, ya zama matattarar duk ciwon da ya kamata a tare tun a ƙauye. Zazzaɓin da ƙwaya shida za ta kashe yana isowa ya riga ya shanye jinin yaro.

Sannan tamowa, a ƙasar da kirarinta shi ne noma tushen arziki. Manomi ba ya zuwa gonar nesa. Ta kusa ma sai gari ya haɗa harajin da 'yan bindiga suka yanka kafin a yi shuka, a sake haɗa wani kafin a yi girbi. A ɗakin masu tamowa ana naɗa wa yaro wani siririn ma'auni a dantse, mai kore da rawaya da ja. In ya tsaya a ja, dantsen bai kai santimita goma sha ɗaya da rabi ba. Mai sauran ƙarfi a ba uwarsa ledojin abincin gyaɗa ta tafi da su gida. Wanda ya kumbura ko ya daina karɓar abinci a kwantar da shi, a zura masa siririyar roba ta hanci ana ɗura madara kaɗan-kaɗan. In malama ta tambayi uwa abin da ya hana ta kawo shi da wuri, amsar da aka fi ji ita ce hanya ba ta biyuwa. Ƙungiyar MSF tana wannan aiki a Talata Mafara da Shinkafi da Zurmi da Gummi. A Disambar 2023 faɗa ya tilasta mata janye wasu ma'aikata daga Zurmi na wani lokaci. A Yunin 2024 ta auna yara fiye da 97,000 a Shinkafi da Zurmi, ta tarar fiye da ɗaya cikin huɗu suna da tamowa. A shekarar ne ta bayyana cewa cikin cibiyoyin lafiya kimanin 700 na jihar, wajen 200 kaɗai ake iya kaiwa gare su, sauran ba sa aiki.

Wanda yake zaune a Abuja ko Legas kada ya ɗauka wannan ciwon Zamfara ne kaɗai. Borno ta riga ta nuna yadda abin yake. Bayan shekarun Boko Haram, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tarar an rusa kusan kashi ɗaya cikin uku na cibiyoyin lafiyar jihar. A Agustan 2016, bayan shekara biyu ana murnar babu shan-inna, sai ga ta a Gwoza da Jere, ashe tana yawo a wuraren da masu rigakafi ba sa iya shiga. Afirka gaba ɗaya sai da ta jira har 25 ga Agusta 2020 kafin a shaida ta rabu da cutar ta asali. Nau'in da yake ɓulla inda rigakafi ya yi ƙaranci kuwa ya samu mafaka a Zamfara da Sakkwato da Katsina da Kebbi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya matakin farko, da nufin kowace mazaɓa ta samu cibiya ɗaya mai aiki, wato 147 a Zamfara. Tsarin ya ɗauka mutanen mazaɓa suna cikin mazaɓarsu. Kuɗi yana bin gini, mutane kuma sun bar ginin. Shirin agajin Majalisar Ɗinkin Duniya ma shekara da shekaru Borno da Yobe da Adamawa ya sani, don a takarda abin da ake yi a Arewa maso Yamma fashi ne, ba a kiransa yaƙi.

A farkon 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya, aka shiga gyaran manyan asibitoci. A 2025 Amurka ta zabtare tallafin da take bayarwa a duniya, abincin tamowa ya ƙara wuya a Arewa. A ƙauyukan da ke tsakanin Maradun da Bakura da Talata Mafara kuwa, inda malamin asibiti ya tashi, waɗanda suka rage su ne unguwarzoma, da wanzami, da mai kemis da yake yin allura da ƙarin ruwa a bayan kanta. In 'yan bindiga suka ba gari wa'adi, da su ake ɗaure kaya, su bi ayari zuwa Mafara.